Mutumin da Allona ya Kashe

A farkon shekarun casa'in ina da shagon aski kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. A ƙofar shagon na kafa baƙin allo, na rataya alli da igiya, kowa ya ga dama ya rubuta shaƙiyancinsa. Abin da aka fi so shi ne sanarwar mutuwa irin ta coci. Yau a ce Ubangiji ya kira famfon unguwa gida bayan doguwar jinya, gobe a ce wutar lantarki ta huta, ta bar marayun firji. Duk garin ya san allon nan ba ya faɗin gaskiya ko da kuskure.

Wata ranar kasuwa ina ciki ina fama da kan wani, sai wani ɗan banza, wanda har yau ban san shi ba, ya rubuta cewa wani tsohon direban jirgi da nake yi wa aski ya huta cikin Ubangiji. Kafin in leƙo in share, matan ƙauyensu na wajen Fadan Kaje da suka kawo citta sun riga sun gani. Su ina suka san allon wasa? Rubutu ne, kuma da kalmomin fasto. Suka je gidansa suka tarar da kwaɗo a ƙofa, don ya tafi Jos a duba masa ido. Da kuka suka hau mota.

Kafin ya dawo an haƙa kabari a ƙauye. Da aka ji yana nan daram, dattawa suka ce rami ba ya zama da baki buɗe, sai ya ci wani. Aka sare gindin ayaba, aka naɗe da zanensa, aka binne. Ya je da kansa don su gan shi. Ƙanwarsa ta ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ta ja da baya, babu wanda ya sa hannu a kwanonsa.

Sai ga sammaci, tsohon ya kai ni kotu. Haushi ya kama ni, don Allah ya sani ko harafi ɗaya ba nawa ba ne. Lauyana ya ce wa kotu allon kamar katangar bakin hanya yake, kowa na iya ɓata shi. Nasa lauyan ya ce allo nawa, alli nawa, igiyar ma tawa ce, kuma dariyar mutane ce ke cika mini benci. Tsohon yana zaune cikin kwat ɗinsa na reluwe, benci guda shi kaɗai, har 'yan'uwansa sun zauna nesa. Da alƙali ya tambaye shi abin da yake nema, ya miƙe a hankali.

"Ranka ya daɗe, a rubuta a wurin da aka kashe ni cewa ina da rai."

Haka aka yanke, na kuwa rubuta da manyan baƙaƙe, shi yana tsaye a gefe. Mutane suka taru. Wani ya karanta da ƙarfi, sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Ai allon bai taɓa faɗin gaskiya ba! Wata mata ta ce to, yanzu kam ya tabbata ya mutu. Ta dubi tsohon, dariyarta ta tsaya, ta kama hannun 'yarta suka tsallake titi. A nan tsoro ya shige ni.

Tsohon ya shigo shago ya zauna a kujera. Na yafa masa farin ƙyallen aski. Ya daɗe yana duban madubi.

"Ɗana," ya ce, "kai dai kana ganina a ciki, ko?"

Na ce ina ganinka, Baba. Ya gyaɗa kai, amma bai ɗauke ido daga madubin ba har na gama.