Mitar da Na Haɗa Don Auna Numfashin Inji

Shekarun baya, lokacin ina gyaran injinan ban ruwa a Faskari, wani abokina manomi daga Ruwan Godiya ya kawo mini nasa a bayan babur. Injin yana tashi, amma da an saka tiyo a rijiya sai ya yi sanyi, ruwa ya riƙa fitowa kamar na buta. Albasarsa ta fara kwanciya a fadama, maƙwabcin da ke ara masa inji kuma ya ce shi ma yanzu yana bukatar abinsa.

Na canja fulogi, na wanke kabureta, na goge bawul. Duk a banza. Abokina ya dage cewa kan injin ne ya mutu, a sayo sabo a Funtuwa kawai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kullum muna cewa inji ba ya shan iska sosai, amma ban taɓa ganin wanda ya auna ba. Da kunne muke yanke hukunci.

Na tuna da wata 'yar na'ura da ke wuyan motoci, wadda ke auna iskar da mota ke shaƙa. Na samo tsohuwa a wurin 'yan gwangwan. Wani dattijo mai wayarin mota ya nuna mini wayoyin da za a ba batir da wadda za a haɗa da mita mai nuna lamba. Da ya ji abin da zan yi, ya yi dariya ya ce a kira shi ranar da zan fara auna numfashin jaki. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma ban daɗe da gane lamba mai ɗigo a tsakiya ba, don haka komai na gani so nake in auna.

Iskar kuma fa? Na aro fankar maƙera, irin wadda ake juyawa da hannu. Na haɗa ta da na'urar da guntun bututu, na ɗaure da robar taya, na toshe gefe da sabulu. Na kwance kan wani lafiyayyen inji irin nasa don mu gwada su biyun, na dogare bawul ɗin kowanne a buɗe. Abokina ke juya fanka, ni ina duba lamba.

Kan lafiyayyen ya ba da lamba babba, nasa ya ba da ƙarama. Ya ce to ga shi nan, har mitar ta bi bayansa. Na kusa yarda, sai na lura gumi ya jiƙa masa riga a gwajin farko, a na biyu kuwa yana juyawa yana ba ni labarin kasuwa.

Na ce, "Malam, hannunka nake aunawa ashe, ba inji ba."

Ya ce, "To mi kake so in yi? Wanga kan ko kallonsa ba na son yi."

Sai na lanƙwasa siririn tiyo mai haske, na zuba ruwa a ciki, na soka bakinsa a jikin bututun. In iska ta matsa, ruwan ya hau. Na ɗaura zare a wuri guda, na ce ya riƙa juya fanka yadda ruwan zai tsaya daidai zaren ko wane kai muke gwadawa. Da muka sake, lambobin suka zo kusan ɗaya. Kan injinsa lafiya lau yake.

Saura mu gano inda iskar ke maƙalewa. Can na ce bari in mayar da lanƙwasasshen bututun injinsa da ke kai iska cikin kan, mu auna tare da shi. Lambar ta faɗi warwas. Na leƙa, ban ga komai ba, saboda kwanar ta ɓoye. Na tura waya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, da 'yan tsutsotsi a ciki. Zanzaro ne ya yi gini. Ashe duk damina injin yana jingine a bayan rumbu ba murfi a bakinsa.

Na share bututun, na mayar da komai. Washegari da hantsi ruwa ya cika kwamin albasa. Ta gefen gona ta riga ta ƙone, amma sauran ta miƙe, har ya kawo mini rabin buhu da aka cire.

Har yau in na tuna, ba zanzaron ke ba ni mamaki ba. Abin mamakin shi ne yadda lamba ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar mita, mu biyu muka gan ta, kuma ƙarya take yi. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini lamba, ko a asibiti ne ko a kan sikeli, ina karɓa da ladabi, amma a zuciyata sai na tambayi wanda ke juya fankar.