Kyanwar Kaka da Bulalar Sale

Wata Asabar ta damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ina sharar tsakar gidanmu a Gangaren Tudu, sai ga kyanwar Kaka ta fito daga ƙarƙashin turmi tana jan ƙafafun baya a ƙasa, tana wani kuka da ban taɓa ji ba. Tun rasuwar kakanmu, wannan kyanwar ce ke kwana wajen ƙafafun Kaka, tare suke cin kifi.

Nan take zargi ya faɗa kan yayana Sale, domin kowa ya san ta cinye masa 'ya'yan tantabara, kuma an sha ganinsa yana binta da danƙo. Ya rantse bai taɓa ta ba. Baba bai saurare shi ba, ya ja shi zaure ya zane shi har rigarsa ta manne da bayansa. Ni da ƙannena muka laɓe bayan garken awaki, ba mu ko taɓa kokonmu ba.

Da la'asar likitan dabbobi ya zo yi wa awaki allura, Kaka ta roƙe shi ya duba kyanwar. Ya taɓa tafin ƙafafun, ya ji su da sanyi, ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe yana saurare. Ya tambaya ko tana haki baki buɗe. Muka ce ta jima tana yi, mun ɗauka zafi ne.

"Hajiya, ba wanda ya doke ta," in ji shi. "Zuciyarta ce ta daɗe da ciwo. Gudan jini ya fito daga cikinta ya toshe hanyar ƙafafun."

Ya yi mata allurar rage raɗaɗi, ya ce sai a Abuja ake da na'urar hoton zuciya, kuma ko an kai ta da wuya ta tashi. Sale yana tsaye a bakin rijiya, ya ji komai. Baba ya dubi ƙasa, ya fita masallaci. Washegari kyanwar ta mutu, muka binne ta gindin gwanda. Kaka ta daina cin kifi. Sale kuwa ya daina zama cin tuwo tare da Baba.

Yanzu kyanwar 'yata tana da irin wannan ciwon, an gano shi da wuri, kullum muna cusa mata ƙwaya cikin kifin gwangwani, tana nan tana yawonta. Sale yana garin Panda da iyalinsa, bai taɓa ɗaga wa ɗansa hannu ba. Baba ya rasu bai ba Sale haƙuri ba, kuma na san ya so ya ba shi.