Yafet da Kwamfutar Mama Hulda

Shekara goma sha biyu Yafet yana gyaran laftof kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Ran nan Mama Hulda, sakatariyar zumuntar matan cocinsu, ta kawo kwamfutarta tana tafiyar hawainiya. A gaban mutane ya wanke ta tas, wai ta cika ta da bidiyo. Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana," ta tafi kanta a sunkuye.

Ya goge bidiyon duka, ya share ƙurar fanka, babu canji. Da ya buɗe wurin saita wuta, sai ya ga an ɗaure ƙarfin furosesa a kashi talatin. Nan ya tuna, shi ya ɗaure shi bara, don batir ya kai ƙarshen taron mata in an ɗauke wuta.

Cikin minti ɗaya ya gyara. Amma cikin bidiyon da ya goge, har da na jana'izar mijinta.

Har yau, in ya hango ta a coci, ta wata ƙofar yake fita.