Shekarar da Mutanen Baba Suka Ɗauki Dogon Yaro

Babana maƙerin ƙofofi ne. Rumfar aikinsa tana jingine da katangar gidanmu a Dakoro, a kan hanyar da amalanke ke bi in an ɗauko hatsi daga gonakin wajen Birnin Lalle. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk yana yi. Amma in ka tambayi mutanen unguwa abin da suka fi saninsa da shi, za su ce maka ai shi ne mai goyon bayan ƙungiyar nan da ba ta cin wasa.

A Maraɗi ya koyi ƙwallon kwando, lokacin da aka kai shi koyon aikin ƙarfe yana saurayi. Akwai fili kusa da inda yake kwana, shi kuma dogo ne, sai samarin wurin suka jawo shi. A can ya sayi wata rigar wasa mara hannu wurin masu bosho, 'yan gwanjon tufafi, da lamba a baya da wani rubutu a gaba wanda bai damu da shi ba. Ya sa ta har ta koɗe. Sai bayan shekaru, da salula mai nuna hoto ta iso garinmu, wani ya duba masa rubutun, aka gano rigar ta wata ƙungiyar ƙwararru ce a ƙetaren teku, kuma kusan kowace shekara tana cikin na ƙarshe. Baba ya ce ba komai. Ya riga ya yi gumi a cikin rigarsu, sun zama mutanensa.

Wasannin can ana yin su ne muna barci. Da safe, bayan an dawo daga masallaci, kafin ya taɓa ƙarfe, sai ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya jira taubashinsa. Taubashin nan tsohon jandarma ne da ya ajiye aiki ya koma kiwon raguna, mu muna ce masa Kawu. Salularsa ta fi ta Baba faɗi, ita ake jinginawa a jikin gwangwanin sukari a kalli guntayen wasannin da aka yi. Kawu ba shi da ƙungiya. Sai ya bari an ɗan yi wasanni, ya ga wadda ke sama, ya ce tun yana yaro ita yake so.

"Ni ban iya wahala kyauta ba," in ji shi. "Na gama tawa wahalar cikin kaki."

A shekarar da nake ba da labarinta ina aji na biyu a kolej, kuma tsawo ya zo mini gaba ɗaya cikin damina guda. Na koma lakwal bayan hutu na tarar na wuce duk 'yan ajinmu, maza da mata, har da wasu malaman. 'Yan mata suka sa mini raƙuma. Na koyi tafiya a duƙe, kafaɗuna a gaba, na koma bencin baya. Inna takan buge ni a gadon baya ta ce in miƙe, in miƙe ɗin, tana juyawa in koma yadda nake.

Wata safiya cikin kaka na fito zan wuce lakwal, Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya faɗinsa.

"Uwata, zo ki ga wani da ya fi ki."

Na tsuguna bayansu. A cikin salular wani yaro ne siriri, dogo ƙwarai, hannuwansa kamar sandunan rumfa, rigar ta yi masa yawa. Baba ya bayyana mini cewa a can suna da wani tsari: ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake bari su fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Mutanensa sun sha kashi sosai bara, shi ya sa suka samu wannan.

"Ka ji ladan wahala," in ji Kawu. "An ba ka karan dawa."

Gaskiyar Kawu ce a ranar. Yaron ya karɓi balo, wani gajere mai ƙirji ya fizge ta. Ya jefa, ba ta ko taɓa bakin kwandon ba. Sau ɗaya wani ƙato ya bangaje shi ya zube, ƙafafunsa suka yi sama. Kawu ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni ban yi ba. Na san yadda mutum ke ji in jikinsa ya riga shi girma, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

Washegari ba a kira ni ba, na zo da kaina. Daga nan ya zama kullum. Inna ta riƙa ba ni kununa a kofi in sha a rumfar, don kada in makara.

Makonnin farko ƙungiyar Baba ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Kawu ya zaɓi tasa ta shekarar, wadda ke da wani tsohon gwani mai gemu da ke jefawa daga nesa kamar ba ya dubawa, ya riƙa shigowa da sallama mai tsawo yana tambayar Baba ya jin daɗin mutanensa. Baba kuwa yaron yake kallo. Yakan sa a mayar da hoton baya, ya nuna mini da ɗan yatsansa mai tabon wuta.

"Dubi ƙafarshi. Jiya nan ya tsaya, aka ture shi. Yau ya buɗe ta. Wani na koya mishi."

Ni ban ga bambanci ba da farko. A hankali na fara gani. Yaron ya daina sunkuyar da kai in ya kuskure. Ya gano cewa in ya ɗaga hannuwa kawai ya tsaya a ƙarƙashin kwando, masu zuwa da gudu sai su sake shawara. Wata safiya, lokacin an gama ɗaurin dammuna ana ta kai gujiya kasuwa, muka ga ya tare jifar wani, ya kama balon, ya ruga tsawon filin nan da dogayen ƙafafunsa ya dunƙula ta cikin kwando. Mutanen da ke kallo a can suka miƙe tsaye. Baba ma ya miƙe, gwiwarsa ta ture butar shayi.

"Sun ci?" in ji Inna daga cikin gida, don ta ji ihun.

Ba su ci ba. An cinye su a ranar ma, da ɗan kaɗan. Amma Baba ya yi wunin nan yana waƙa a kan ƙarfe.

Cikin waɗannan kwanaki ne mushen wasanni, malaminmu na motsa jiki a kolej, ya shigo ajinmu ya ce yana neman 'yan mata, za a kafa ƙungiyar ƙwallon kwando, kuma akwai wasannin makarantu a Maraɗi in an shiga sabuwar shekara. Bai ƙarasa ba aji ya juyo yana kallona. Aka yi dariya. Na kifa kai a kan tebur. Da aka tashi ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce ba dole, amma in gaya wa gida.

Ban gaya wa Baba ba sai da safe, Kawu na zaune.

"To mi kike so?" Baba ya ce.

"Ban sani ba. Ban iya ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na ce ina so. Kawu ya ajiye kofinsa ya dube ni sama da ƙasa kamar ragon da zai saya, ya ce in dai ba ƙungiyar ubana zan bi ba, akwai alamar alheri.

Inna ce ta tsaya. Ta ce ɗiya mace ba ta tsalle a gaban mutane da guntun wando. Baba bai yi gardama da ita ba. Ya tafi wurin tela ya sa aka ɗinka mini dogon wando mai faɗi da riga har gwiwa, ya kawo ya ajiye mata a kan gado. Ta ɗaga, ta juya, ta ce ɗinkin bai yi kyau ba, ta zauna ta gyara bakin wandon da hannunta. Shi ke nan maganar ta wuce.

Filin kolej siminti ne da ya tsattsage, kwando ɗaya ya karye, ɗayan ya sunkuya. Baba ya je ranar da ba lakwal da tsani da kayan aikinsa, ya lanƙwasa sababbin zobba ya ɗaura. Kawu ya riƙe masa tsanin yana ba da umurni. Muka fara. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe balon ba. Akwai wata gajeruwa 'yar Ɗan Gulbi da ke zaune gidan gwaggonta don karatu, ita ce ta fi mu duka, don ba ta tsoron faɗuwa. Ni mushe ya ajiye ni ƙarƙashin kwando ya ce in ɗaga hannu. Na gane wurin, na gan shi kowace safiya.

Muna cikin haka yaron Baba ya ji ciwo. Ya sauko daga tsalle ya taka ƙafar wani, idon sawunsa ya juya, aka fitar da shi yana dafe da kafaɗun mutum biyu. Kawu bai yi tsiya ba a ranar. Ya ce irin wannan targaɗen ya taɓa samunsa, yana warkewa in an yi haƙuri. Baba ya kashe salular ya miƙa masa, ya ɗauki guduma. Ƙungiyar ta koma yadda take, har ta fi. Duk da haka bai fasa kallon safe ba. Na taɓa tambayarsa me yake kallo tunda yaron ba ya nan, kuma ya san yadda za a ƙare.

"Akwai sauran," ya ce. "Su ma 'ya'yan wasu ne."

Ranar tafiya Maraɗi aka zuba mu a mota tun da safe. Baba ya rufe rumfarsa ya biyo mu a motar kasuwa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Filin can mai santsi ne, da layuka farare da benci na masu kallo. 'Yan matan da aka haɗa mu da su sun daɗe suna wasa tare, suna kiran juna da ido. Da suka gan ni suka ɗan tsorata, na ga suna nuna ni. Tsoron bai daɗe ba. Balon farko da ta zo hannuna na miƙa wa wata daga cikinsu, don ta kira ni na zaci tamu ce. Na yi ta ture mutane ba da niyya ba, alƙalin wasa na busa mini, har mushe ya fitar da ni ya zaunar. Da aka mayar da ni na tare jifa ɗaya, na ji tafin mutum guda daga benci, na san ko wane ne. Na jefa ɗaya ta shiga. Aka cinye mu cin da na daina duba allon da ake rubuta ƙwallaye.

Bayan wasa na zauna bayan wani ɗaki ina kuka. 'Yar Ɗan Gulbi ta zo ta zauna kusa da ni tana cin ƙosai, ta ce ita ba ta ga abin kuka ba, mun zo Maraɗi kyauta. Can sai ga Baba. Bai ce in yi shiru ba. Ya tsuguna ya ce in tashi ya nuna mini wani abu. Ya kai ni da ƙafa, ta cikin unguwannin da ban sani ba, har wani fili da aka kewaye da shaguna, an mayar da rabinsa wurin wankin babura. Sandar kwando ɗaya na nan tsaye, ba zobe.

"Nan na fara," ya ce. "Ranar farko balon ta fasa mini leɓe. Wani Bazabarme ya jefo, ni ina kallon wani wuri." Ya ja leɓensa na ƙasa ya nuna mini ɗan farin tabo. Ina ganin tabon tun ina ƙarama, na zaci na wuta ne.

Muka sayi rake muka sha a bakin hanya. Ya yi ta nuna mini gidajen da ya sa wa ƙofa yana yaron aiki, wasu har yanzu ƙofofin na nan.

Yaron ya warke ya dawo kafin shekarar wasan ta ƙare, ya yi kyau ƙwarai, ƙungiyar kuma ta ƙare a ƙasa kamar yadda ta saba. Bayan wasu shekaru ya zama cikin manyan gwanaye, sai wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Kawu ya zo da labarin da sassafe, ko hula bai sa ba, ya ce wannan karon dole Baba ya biyo shi, tunda ɗansa ya koma gidan masu ci. Baba ya juya shayi ya ce Allah ya ba yaron sa'a, zai riƙa leƙa shi, amma shi yana nan inda yake.

Ni na yi wasa har na gama lise, makarantar gaba da kolej, a Maraɗi, ba tare da na zama wata gwana ba. Yanzu ina koyar da 'yan aji uku a Korahane. Hasken walda ya ci idon Baba, ba ya ganin ƙananan hotuna sosai, Kawu ne ke faɗa masa abin da ke faruwa a cikin salular. In na zo gida hutu nakan same su a rumfar suna musu, Baba na rantsuwa cewa Kawu na rage wa mutanensa ƙwallaye, Kawu na cewa ko ya ƙara musu ba za su kai ba. Sai su miƙo mini salular su ce in raba su.