Ranar da Baba Mai Majigi Ya Kifa Hularsa Kan Fim

Shekara talatin da ɗaya Baba mai majigi yana buɗe safiyarsa da abu guda. In ya dawo sallar asuba ba ya komawa shimfiɗa. Zai zauna bakin ƙofa, ya buɗe akwatin ƙarfen nan nasa mai lotsattsen marfi, ya fito da na'urar haska fim, ya hura idonta sau biyu, ya goge da wani ƙyalle da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Sai ya bi waya da yatsa tun daga kai har gindi, ko ɓera ya yi ɓarna. Farin zanen da yake haska hoto a kai matar ce ke goge masa, tana yi tana mita, wai zanen majigi ya fi rigar mai gidan ganin dutsen guga. Daga nan ya ɗaure kaya bayan babur ya nufi inda aka kira shi, makaranta ko asibiti ko zauren taro, duk inda ake son a nuna wa jama'a fim ɗin wayar da kai.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya kuma saɓa ta: ba ya haska wa mutane abin da bai zauna ya kalla shi kaɗai ba. Yakan ce, "Ba na zuba wa jama'a abin da ban ɗanɗana ba."

Watan nan ya ajiye aiki, ido ya ce ya gaji. Ba taro, ba jawabi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abu ɗaya da mu iyayen yaran makarantar unguwarmu muka gani da idonmu. Wadda abin ya shafa ta ba ni izini, ta ce kar in rage komai.

Mai dafa wa yaranmu abincin rana, yara ke kiranta Inna Ludayi, har sunan ya bi ta. Shekara tara tana wannan aiki a lokacin. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aji biyar, da tukunyar makarantar take riƙe da ita. Sai wata mata ta dawo daga wani asibiti mai nisa ta ce ta ga Inna a layin masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, wadda muke ce wa ƙanjamau. Kafin kwana uku magana ta gama unguwa. Yara suka fara zuwa da kwanon abinci daga gida, faranti na komawa kicin yadda aka zuba shi. Uwar tagwaye, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi a cikinmu, ta ce sai an sallame ta. Aka sa taron iyaye ranar Asabar ƙarfe goma na safe, za a ɗaga hannu, abin da ya fi yawa shi za a yi. Shugabar makaranta ta ga abin zai fi ƙarfinta, ta aika wa Baba ya zo ya nuna fim kan cutar kafin a yanke.

Ranar Juma'a da rana ya karɓo fim ɗin daga ofishin lafiya, ya ja labulen ɗakinsa ya kunna. Wata mata ce mai ɗauke da cutar take ba da labarinta. An sa ta cikin inuwa, fuska ba ta fito ba, an kuma mayar da muryarta kamar ta namiji. Yana kallo yana gyaɗa kai, sai hoto ya sauko kan hannayenta. Tabon ƙuna tun daga babban yatsa har wuyan hannu. Ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe.

Ya gane su. Duk zuwansa makarantar nan, hannayen nan ne ke miƙo masa faranti.

Ya mayar baya ya sake kallo. Wuri uku hannayen suka fito, kuma a wuraren ne take faɗin maganar da ta fi taɓa zuciya. Shi kuwa haskawa ya iya, bai iya yanke fim ba. Bai tsaya cin abinci ba, ya hau babur.

Ya sami Inna Ludayi bayan kicin ita kaɗai, tana kankare tukunya.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Baba, ai sai gobe majigin. Ko ƙamshi ne ya jawo ka? Ka makara, sai ƙanzo."

Bai yi dariya ba. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna.

"Shekara nawa da kika zauna gaban masu ɗaukar hoto?"

Soson ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Huɗu." "Sun rantse mini nesa za a kai shi. Sun ce ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ni ba."

"Fuska sun rufe, murya sun sauya. Hannu suka manta."

Ta dubi hannayen kamar yau ta fara ganinsu, ta cusa su cikin zane.

"Ba wanda ya sani sai ni da Allah," in ji shi. "In kin ce kar in nuna, ba zan nuna ba, ba kuma wanda zai ji dalili a bakina."

"In ba ka nuna ba, da me za su ɗaga hannu? Da abin da suka ji a bakin famfo. In ka nuna kuwa, na tona kaina da kaina. Yanzu zato suke yi, gobe sun tabbatar." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, in aka raba ni da tukunyar nan, ina zan kai yarinyar nan? Wa zai ɗauke ni ko wanke-wanke?"

Ya cire hularsa yana jujjuya ta a hannu. Can ya ce, "Wuri uku ne. In an zo wurin sai in kifa hular nan kan idon na'ura. Za su ji maganarki, ba za su ga hannunki ba."

"Za su ce ka tsufa, ka kasa aikinka."

"To ƙarya za su yi?"

Sai a nan ta ɗan murmusa, idonta cike da hawaye. Ta ce Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira.

Asabar aka cika babban aji, mun fi sittin. Baba ya toshe tagogi da barguna don hoto ya fito, zafi ya taso. Inna Ludayi ta shigo da tire na kofunan ruwa, ta zaga layi biyu, ba wanda ya miƙa hannu. Ta koma bakin ƙofa, bayan inda Baba ya kafa na'urarsa, ta tsaya da tirenta.

Uwar tagwaye tana layin gaba. Ta ce wa shugabar makaranta, "Malama, mu fa ba kallo muka zo ba. A ɗaga hannu kowa ya kama gabansa, na bar wanki a jiƙe."

"Minti arba'in ne, Yaya. Wankin ba zai gudu ba."

Baba ya yi bisimilla ya kunna.

Likita ya fara fitowa, ya ce cutar ba ta bin abinci, ba ta bin kofi, ba ta bin gaisawa, kuma mai shan magani kullum yana rayuwarsa kamar kowa. Ana ta fifita, ana ƙus-ƙus, rabin ɗakin ba ya ji. Sai matar cikin inuwa ta fara magana. Ta ce tana da ciki aka gaya mata a asibiti, mijin ya rasu kafin ta haihu, ta riƙe magani har Allah ya sauke ta lafiya, jaririya ba ta ɗauka ba. Baba ya san abin da ke tafe. Ya kifa hula.

Zane ya yi baƙi ƙirin, murya na ci gaba.

"Baba, gyara mana."

"Ko barci ya ɗauke shi?"

Wani uba daga baya ya ce, "Injin da mai shi ai sa'o'in juna ne." Aka kwashe da dariya.

"A yi haƙuri," in ji Baba. "Ku dai saurara."

Da ba abin kallo, sai kunne ya buɗe. Matar tana faɗin yadda dangin mijinta suka ware mata kofi, suka ɗaura masa jan zare, suka rataye shi a ƙusa nesa da na kowa. Ta ce wata rana 'yarta tana rarrafe ta kai hannu ga kofin, aka fizge yarinyar kamar ta taɓa wuta. Dariya ta mutu. Da hoto ya dawo, an ji uwar tagwaye tana jan hanci.

"Waɗannan dangin miji ba su da tsoron Allah," ta faɗa da ƙarfi, kowa na ji. "Jan zare? Wallahi da maƙwabciyata ce, a kwano ɗaya za mu ci."

Wuri na biyu ya zo, ya sake kifa hula. Wannan karon wani mai gyaran lantarki, uban wata 'yar aji uku, ya taso da fitilar wayarsa don ya taimaka. Ya haska, ya ga abin da ke kan idon na'ura.

"Baba, ai hularka ce a..."

Baba ya kama wuyan hannunsa ya matse. Ya ce a kunnensa, "Koma ka zauna, ɗana. Na san abin da nake yi."

Mutumin ya dubi Baba, ya dubi matar da ke tsaye bayansa da tire, ya kashe fitila ya koma. Amma waɗanda ke kusa sun ji, sun fara waiwaye. Gumi ya jiƙa bayan rigar Baba. Yana lissafi a ransa: saura wuri ɗaya, minti shida, Allah ka fitar da mu.

Da lokacin ya matso ya ɗaga hula. Sai ya ji murya a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Baba, bar shi."

Bai waiwaya ba. "Kin tabbata, 'yata? Abin nan in ya fita ba ya komawa."

"Sun yi mini kuka ba su san ni ba ce. Bari su sani, in ga ko kukan zai tsaya."

Ya mayar da hular kansa.

Hannaye biyu suka cika zane, kowane ya kai girman ƙofa. Tabon ƙuna. Lanƙwasasshen yatsa. Muryar na cewa, "Ban roƙi kowa komai ba. A bar ni in ci gumina, in reni 'yata."

Iyayen da suka shekara tara suna karɓar yaransu a ƙofar kicin ba sa bukatar a gaya musu. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya. Inna Ludayi tana nan tsaye, tire a hannu, ba ta ɓoye tabon ba. Kofunan ne kawai ke ƙara, suna bugun juna.

Fim ya ƙare. Shugabar makaranta ta yaye bargo ɗaya, haske ya shigo. Ta ce:

"Wanda yake son a sallame ta, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka fara tashi, nan ɗaya, can biyu, can biyar, har suka kusa talatin. Sauran duk uwar tagwaye suke kallo. Hannunta ya taso har kafaɗa ya tsaya. Idonta jawur. Baba ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi.

Uwar tagwaye ta sauke hannun kan cinya.

"Ni na ce a kwano ɗaya," in ji ta. "Kowa ya ji ni, Allah ma ya ji ni." Ta juya baya. "Inna, miƙo ruwan nan, maƙogwarona ya bushe."

Inna Ludayi ta ratso tsakiyar ɗaki. Uwar tagwaye ta ɗauki kofi ta shanye tas, ta ce a ƙara. Mai gyaran lantarki ya ɗauki na biyu. Hannayen da ke sama suka riƙa sauka a hankali, kamar masu jin kunyar a gan su. Da aka ƙirga, sha tara suka rage. Inna Ludayi ba ta rasa aikinta ba.

Ba zan ce kowa ya shiryu ba. Gida huɗu sun cire yaransu, akwai kuma masu kauce mata a hanya har yau. Ni ma da niyyar ɗaga hannu na fito daga gida ranar, Allah ya yafe mini. Amma shekara shida ke nan tana kan tukunyarta, lafiyarta lau, 'yarta tana gab da gama sakandare.

Baba, kai ne ka ga asirin baiwar Allah tsirara a ɗakinka, ba ka kai wa ko matarka ba, ka kai wa mai shi. Kai ne ka zauna ana maka dariyar tsufa gaban mutum sittin, ka shanye, alhali na'urarka lafiyarta ƙalau. Da ta ce rufe ka rufe, da ta ce buɗe ka buɗe, ba ka zaɓa mata ba. Likita ya gaya mana gaskiya ba mu ji ba, sai da ka zaunar da mu muka saurari mutum kafin mu san ko wace ce. Mai rufa asiri, Allah ya rufa naka. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa wahalar shekarun nan a mizani, ya albarkaci zuri'arka. Mun gode.

Ku kuma 'yan'uwa, ba sai kuna da majigi ba. In labarin wani ya faɗo hannunku, ku kai wa mai shi kafin ku kai bakin famfo. In kuma an ce ku ɗaga hannu a raba mutum da abincinsa, ku zauna ku ji ta bakinsa tukuna, hannun ba zai gudu ba.