Gwangwanin Nagetif ɗin Baba

Mahaifina mai wankin hoto ne a Kano. Ya shekara da shekaru yana ɗaukar ma'aikatan wata masaƙa hoton katin aiki. Sai ya shiga ɗaki mai duhu, ya tsoma takarda cikin ruwan magani da hannunsa har fuskar mutum ta fito. Maganin ya cinye masa farce, daga baya idon ma ya tafi. Masaƙar kuwa tun ina sakandare aka rufe ta.

Zuwana hutu na ƙarshe kafin korona, ya lalubo wani gwangwanin biskit cike da nagetif, wato fim ɗin hotunan ma'aikatan, ya miƙo mini.

"Nan babu mai wankewa yanzu. Ka ce Dubai akwai komai. Ka wanko su a ba 'ya'yansu."

A ofishin kago nake aiki a unguwar Deira ta Dubai, muna loda dilolin atamfa zuwa Kano. Mu shida ne a ɗaki a Muraqqabat, suka ce warin gwangwanin ya ishe su, sai na kai shi sito. Babu na'urar sanyi a can. Kullum gobe, gobe, har zafin shekarar ya shiga ya fita.

Da ƙyar na samo wani tsoho Ba'indiye da yake wankin hoto da hannu a bayan shagonsa. Yana buɗe murfin, tsami ya bugi hancinmu. Duk sun manne, sun narke kamar alewa. Ya yi yini guda yana ɓamɓara, ya fito da ɗaya tak: kafaɗun mutum uku, babu kai.

"Khalas, habibi," in ji shi. "Shi ke nan, zafi ya cinye."

Baba ya kira ranar Juma'a.

"Sun fito?"

"Sun fito, Baba."

"Har dogon nan na sashen rini, mai wushirya?"

"Har shi. Yana dariya ma."

Na ji ya yi ajiyar zuciya. Ashe ya bi gida-gida da sandarsa yana yi wa mutane albishir.

Korona ta shigo, aka rufe filayen jirgi. Baba ya rasu a watan azumi, ban samu jana'izarsa ba.

Bayan sadakar arba'in wata dattijuwa, matar wani marigayi ma'aikacin masaƙar, ta turo mini saƙon murya ta wayar jikarta. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Ɗana, maigidan bai bar hoto ko ɗaya ba. Yaran nan ba su san kamanninsa ba. In ka samu mai zuwa, ka aiko."

Na saurara ina tsaye a bakin kwantena, lebura suna jiran in ƙirga diloli. Har yau ban ba ta amsa ba.