Dakta Ilyasu Da Kwalbar Jinina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta Ilyasu ya rasu.

Yau da safe ina ɗaure igiyar takalmi zan fita aiki, Baba Alhassan ya kira ni. Shi ne direban da ke kai kwalaben jini lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, mutumin zangon Kumasi ne a Ghana. Ko sallama bai yi ba, sai ya ce, "Nura, nemi wuri ka zauna." Na ce a zaune nake, Baba. Ya ce, "Dakta ya tafi. Bayan asuba ya riƙe ƙirji, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa."

Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Da yawanku ba ku san shi ba. Bakatsine ne, masanin sinadaran jikin ɗan Adam, yana bincike a wani lab da ke Al-Sadd a nan Doha. Ni kuwa sikiriti ne a bakin get ɗin wurin. Lokacin korona aka kawo ni, zamanin da sai wayarka ta nuna kore zan bar ka ka wuce.

Ranar farko na tare shi da ɗan Turancina, ya dubi sunan da ke ƙirjina, ya ce, "Malam Nura, an tashi lafiya?"

Watana biyar ke nan a Doha ban ji wani mai farar riga ya yi mini Hausa ba. Saura kaɗan wayarsa ta faɗi daga hannuna.

Idan na ce masa likita sai ya yi dariya. "Ni likitan kwalba ne, ba na mutum ba."

A watannin nan gwajin korona ya cinye musu lab gaba ɗaya. Zai fito da shatin takunkumi ya kwanta masa a kan hanci, ido ja wur, amma sai ya tsaya ya tambaye ni ya Inna, ya yara a Gusau. Da jita-jitar riga-kafi ta cika gurup ɗinmu na 'yan Arewa, shi ya riƙa turo mana murya da Hausa, yana bayani a hankali, bai taɓa ce wa kowa jahili ba.

Da abin ya lafa ya koma kan ainihin bincikensa, wato abin da zafi da ƙarancin shan ruwa ke yi wa ƙodar masu aiki a rana. Irinmu ke nan: 'yan get, direbobi, masu kai kaya. Ana ɗibar jini da fitsari kafin aiki, a sake ɗiba bayan an tashi.

Ba wanda ya yarda da farko. Duk wanda ke Doha ya san tsoron da muke yi wa kalmar medikal, wato gwajin lafiyar da idan ka faɗi sai a mayar da kai gida. Ya biyo mu har masaukinmu a Al Wakrah wata Juma'a, ya zauna a ƙasa cikinmu, ya karanta mana takardar amincewa da Hausa layi-layi. Ya ce lamba ake sa wa kwalba, ba suna ba, kamfani ba zai gani ba, kafil, wato ubangidan da ya kawo ka ƙasar, ba zai gani ba, wanda kuma bai so ba khalas, shi ke nan, ba dole.

Ni na fara miƙa hannu, don kunyarsa.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ƙanena, ƙoda kamar rariya take. Taka ta fara barin datti a jini. Kana shan maganin ciwon jiki?"

Ina sha mana. Tsayuwar awa goma sha biyu, kamar gyaɗa nake watsa shi a baki.

Ya ce dole in ga likita cikin satin nan. Ni kuwa ba abin da nake gani sai jirgin komawa gida, da bakuna tara da ke jirana a Gusau. Na durƙusa a gabansa, na ce, "Dakta, don Allah ka rufa mini asiri. Ka zubar da kwalbar nan, ka rubuta ta lalace."

Ya ɗaga ni da hannunsa. "Asirinka a rufe yake, Nura. Amma ba zan rubuta ƙarya ba, kuma ba zan yi kamar ban gani ba."

Na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ashe jininmu kawai yake so don ya yi suna wurin Turawa.

Na buɗe ƙofa na fita.

Sati uku ban gaishe shi ba. Idan motarsa ta iso sai in ɗaga masa ƙarfen get in kau da kai. Shi kuwa kullum sai ya sauke gilashi ya ce, "Malam Nura, an tashi lafiya?" ya ajiye gorar ruwa a kan teburina ya wuce. Wani lokacin sai in ba wa Baba Alhassan ruwan don haushi. Baba ya gaji ya ce, "Yaro, da ranka kake fushi, ba da Dakta ba."

Sai wata safiya takalmina ya ƙi shiga. Ƙafafuna sun kumbura suntum, kaina kamar ana daka.

Ban san wa zan kira ba sai shi.

Daga unguwarsu Bin Mahmud ya tuƙo har Al Wakrah. Bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa kawai ya yi, "Yalla, tashi mu je, ɗauko katinka na asibiti." Ya zauna da ni a layin asibiti har azahar, ya shiga da ni wurin likita yana fassara mini. Likita ta ce hawan jini ne ya haɗu da magungunan nan da rashin ruwa, kuma da na ƙara wasu watanni a haka, da yanzu inji ke wanke mini jini.

Sai da ya tambaye ni na yarda, sannan ya je wurin shugabanmu ya roƙa aka mayar da ni tsaron cikin gini. Ba a kore ni ba. Ga ni nan ina shan maganina, ina aikina.

Muka koma gaisawa kamar komai bai faru ba. Amma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, kamfani ya ɗauke ni daga lab ya kai ni wani otal. Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Al Wakrah ce, bakin ruwa, ranar da Ghana ke wasa. Baba Alhassan ya ja mu, ya sha rigar ƙasarsu har da tuta a wuya. Dakta ya sayo musu shayin karak, ni ya miƙo mini ruwa yana dariya.

Ya ce ya kusa gama rubuta abin da ya gano. "Kafin ya je ko'ina, sai na tara ku a masauki na karanta muku da Hausa. Jininku ne, ku ya kamata ku fara ji."

Na ga dama ta samu. Na ce, "Dakta, game da maganar nan da na faɗa maka a ofis..."

Daidai nan Ghana ta ci ƙwallo. Wuri ya kaure, Baba ya rungume shi har shayi ya zube masa a riga. Da hayaniya ta lafa ya juyo yana goge rigar, ya ce, "Me kake cewa, ƙanena?"

Na ce ba komai, Dakta.

Ɗazu na daure na kira matarsa, Anti Maryam, na yi mata gaisuwa. Na faɗa mata duk abin da na kasa faɗa masa, ina kuka. Sai ta ce, "Nura, wallahi bai taɓa gaya mini kun saɓa ba. Abin da nake ji a bakinsa kawai shi ne, ƙanena ya ji sauƙi."

Bayan la'asar za a yi masa salla a nan Doha. 'Yan Al Wakrah, Baba zai zo da mota, wanda ba ya kan aiki ya shirya.

Ya Allah, bawanka Ilyasu ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa iliminsa ya ci gaba da binsa da lada. Ka ba Anti Maryam da yaransa huɗu haƙuri, ka zama gatansu a ƙasar da ba tasu ba.

Ku da kuka karanta har nan, ba na neman laik. Ku ajiye wayar minti ɗaya, ku ambaci sunansa, ku roƙa masa Aljanna. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya isar masa da ban-haƙurina.